Ƙarar da Ba a Kawo Mini Ba

Tun da na ajiye aiki nake jin ku kuna gaya wa mutane cewa hawan jini ne ya hana ni zama darakta. Ranar sunan ɗan Nura ma na ji Walida tana faɗa wa ƙawayenta haka, har da ƙarin wai likita ne ya ce in zaɓa, ko aiki ko rai. Ban tanka ba, don taron suna ba wurin gyara zance ba ne. Hawan jini kam ina da shi, kuma a shekarar ya wahalar da ni. Amma ba shi ya sa na ƙi kujerar ba. Kishi ne ya sa. Wadda na yi kishin da ita kuwa kun san ta, kun ci abincinta, wasunku a bayanta suka yi barci: Mama Rifkatu ta ƙasan bene.

Ku ƙananan ba ku san aikin da nake yi ba sai sunansa. Ofishinmu wurin kawo ƙorafi ne. Wanda aka kora daga aiki ba a ji ta bakinsa ba, wanda aka rushe wa rumfa aka bar ta maƙwabcinsa, wanda ma'aikacin asibiti ya wulaƙanta, duk wurinmu suke zuwa. Na taɓa zama da wani Bafulatani daga wajen Abaji da aka tsare wa shanu, tun hantsi har la'asar yana ba ni labarin kowace saniya da sunanta, ban katse shi ba. Abin da aka san ni da shi ke nan. Ba na katse mutum, kuma ba na cewa kowa ya yi gaskiya sai na kira wanda ake ƙara na ji nasa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai ko sauro aka kawo mini ƙararsa sai na aika masa ya zo ya kare kansa. Ina alfahari da wannan, kuma har gobe ina yi.

A shekarar da nake ba ku labari, maganar matan Kuchigoro ce ta cika mini kai. Mutanen arewa maso gabas ne da rikici ya koro, suka zauna a can, aka ƙi karɓar 'ya'yansu a wata makaranta da ke kusa saboda ba su da takardar haihuwa. Wanda ya gudo da zanin jikinsa, ina zai ga takarda? Kusan kullum ina can ko ina ofisoshin da abin ya shafa. In fita yara ba su gama shirin makaranta ba, in dawo bayan magariba kaina kamar zai tsage, in haɗiyi magani in kwanta. Mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, a lokacin aikin awon hanya ya riƙe shi a wajen gari, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ni kuwa a raina gida lafiya lau, tunda ba wanda ya ce mini komai.

Muna zaune ne a gidajen ma'aikata da ke kusa da Jabi, mu a sama, Mama Rifkatu a ƙasa. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya da ta kusa ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza, su Yohana, sun girma sun watse. Ƙofarta ba ta rufuwa. In kun dawo daga makaranta wurinta kuke fara tsayawa, ta cire muku takalma, ta duba wanda ya yi tuntuɓe, ta zuba muku abinci. Saboda ku ta ware tukunya, nama ma sai wurin mahaucin da nake saye take saye. Na gode mata a lokacin, kuma godiyar gaske ce. Abu ɗaya ne nake gani in kawar da kai. Walida 'yar fari ce, kuma sunan kakarku ta wajen uba, Sa'adatu, ta ci, shi ya sa muke ce mata Walida. Yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta yabonsa. Mama Rifkatu ba ta san wannan ba, ko kuma ta sani ba ruwanta. Sai in shigo in tarar Walida, budurwa mai shirin gama sakandare, ta ɗora kai a cinyarta ana yi mata tsifa suna dariya. Da sun gan ni sai dariyar ta tsaya, Walida ta miƙe ta karɓi jakata ta ce sannu da zuwa.

Wata ranar Laraba wata mata ta shigo ofishina da ƙorafi. Shugabar makarantar su Walida ce, an yi mata canjin wurin aiki da take ganin ba bisa ƙa'ida ba. Ba ta san ni ba, don rabona da makarantar tun ranar da na kai yarinyar. Tana cikin bayani idonta ya faɗa kan hoton ku da ke kan teburina. Ta ɗauka ta duba da kyau.

"Hajiya, wannan ba Sa'adatu ba ce? Me kike da ita?"

"'Yata ce."

"'Yarki ta cikinki? To wace ce wadda ta zo ta durƙusa mini a ofis tana kuka?"

Na ce ban gane ba. Sai ta warware mini. A jarrabawar gwaji, wani malami ya tsinci takardar satar amsa a ƙarƙashin kujerar Walida. Makaranta ta yanke cewa za a cire sunanta daga masu zana jarrabawar ƙarshe, aka ce ta zo da iyayenta. Washegari wata mata ta zo da kayan asibiti a jikinta, ta ce ita ce uwar. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ce sai dai a fitar da ita da 'yan sanda, har aka yarda aka sake duba rubutun, aka ga ba hannun Walida ba ne. Abin ya wuce wata guda da faruwa.

Na gama sauraron ƙorafin matar har ƙarshe, na yi mata tambayoyin da suka kamata, na raka ta bakin ƙofa. Sannan na dawo na zauna. Ba tsoron abin da ya kusa samun yarinyar na fara ji ba, wannan daga baya ya zo. Abin da na fara ji shi ne: wata ta shiga ofis ta ce ita ce uwar 'yata, kuma aka yarda. Ni da mutane ke tasowa daga Abaji da Kwali don in tsaya musu, ni da aikina ke nan tun kafin a haifi yarinyar, 'yata ta shiga irin wannan hali, ta wuce ƙofata ta sauka bene.

Ranar na tashi da wuri. Na tarar da Walida a kicin tana yanka albasa. Na ce ta ajiye wuƙar ta zo. Na gaya mata wadda na gani a ofis. Ta sunkuyar da kai.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ai an riga an gama maganar, Umma."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Zauna ki faɗa mini yadda aka yi tun daga farko."

Ta fara. Wata yarinya ce a bayanta ta jefo takardar za ta ba ƙawarta, ta faɗi a ƙarƙashin kujerarta. Malamin ya ɗauka, ya kira ta ɓarauniya a gaban aji. Tana faɗa muryarta tana karyewa. Ni kuwa bakina ya yi abin da ya saba.

"Shi malamin daga inda yake tsaye, me zai iya gani? Kin tabbata bai tambaye ki ba kafin ya faɗi haka?"

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Kin gani ko? Shi ya sa. Ke in aka kawo miki magana sai kin ji ta ɗaya ɓangaren. Ni ranar ba alƙali nake nema ba, Umma. Mama Rifkatu ko tambayata ba ta yi ba. Cewa ta yi ƙarya suke yi, ta ɗauki gyalenta."

Ta koma kicin. Na zauna ina jin ƙarar wuƙa a kan katako.

Da mahaifinku ya dawo ranar Asabar na zayyana masa komai, ina jiran ya taya ni jin haushi. Yana shan kunu yana saurare. Da na gama sai ya ce:

"To ai sai mu sauka mu yi wa baiwar Allah godiya."

"Godiya? Ta je ta ce ita ce uwarta!"

"Da ta ce ita maƙwabciya ce, za su saurare ta? Hajiya, me ya ɓata miki rai, abin da aka yi wa yarinyar ko wadda ta gyara?"

Ya ajiye kofin kunun. Ya sauka shi kaɗai ya yi godiyarsa.

Makonnin da suka biyo baya ba ni da daɗin zama. Komai na matar nan ya koma yana sosa mini rai. In na ji dariyarku daga ƙasa sai in ji kamar da ni ake. In Nura ya ce miyar Mama Rifkatu ta fi, abin da da nake dariya a kai, sai in ture kwanon in tashi. Na fara lura da abubuwan da ta sani ni ban sani ba: wanda ba ya son madara a shayi, wanda ke tsoron malamin lissafi, sunan ƙawar Walida ta kusa. Ina gaishe ta, ban taɓa fasa gaisuwa ba, amma gaisuwar ta zama irin ta ofis. A zaune nake ina sauraron matan Kuchigoro, wata tana ba ni labarin yadda ta goyo ɗanta ta ratsa daji, ni kuwa rabin hankalina yana kan ko yanzu wa ke yi wa Walida kitso. Jinina ya hau har sau biyu ana kai ni asibiti daga wurin aiki. Kuma don abin ya ƙara mini ciwo, a karo na biyu ita ce ta zo ta zauna a bakin gadona, ta gyara mini ƙarin ruwa, ta kori masu dubiya.

A nan asibitin na kasa riƙewa. Ba kowa sai mu biyu, rana ta yi tsaka.

"Maman Yohana, da kin gaya mini ai."

Ta san abin da nake nufi, ba ta yi kamar ba ta sani ba. Hausarta irin ta mutanensu ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Yarinyan ya roƙe ni kar na gaya miki. Ya ce kina da wahala da yawa, kuma kunya zai kashe shi in kin ɗauka ya yi sata. Na yi ta tunani. In na gaya miki, gobe ba zai gaya wa kowa komai ba, ni ko ke. Sai na zaɓa. In na yi laifi, ki yi haƙuri."

"Kin ce musu ke kika haife ta."

"Na ce. A wannan ofis ɗin, a wannan rana, na ce." Ta gyara mini matashi. "Amma ko na faɗa sau ɗari, fuskan wa yake da shi?"

Na nemi inda zan kama ta da laifi, ni da na ƙware a wannan, na rasa. Da ta yi mini rashin kunya da na samu sauƙi.

Ina komawa aiki ogana ya kira ni. Dattijo ne mutumin Nasarawa, ya kusa tafiya, ya ce an nemi ya ba da sunan wanda zai gaje shi kuma ni ya ga ta dace. Kujerar da nake hange ke nan tun ina ƙaramar ma'aikaciya. Amma na san abin da ke cikinta: taro a kan taro, zagayen ƙananan hukumomi, tafiye-tafiye, dawowa gida an yi isha. Walida saura mata 'yan watanni ta tafi jami'a. Na ce ya ba ni kwana biyu, amma tun ina saukowa daga ofishinsa na san amsata. Na koma na ce masa na gode, a ba wani, kuma ina roƙon a mayar da ni sashen horar da sababbin ma'aikata, inda ake tashi ƙarfe huɗu.

"Madam, lafiya? Wani ya ɓata miki rai ne?"

"Jikina ne, oga."

Daga nan labarin hawan jinin ya samo asali, ni na ƙirƙire shi da bakina. Ina zan iya ce wa dattijon nan na bar darakta don ina so in riga maƙwabciyata jin damuwar 'yata?

Ba zan ɓoye muku abin da ya ci ba. Kujerar aka ba wa wani da ni na koya masa yadda ake zama da mai ƙorafi. Shekarun da suka rage mini ina miƙewa in ya shigo, ina ce masa oga, ina ganin motar ofis tana sauke shi. Mutumin kirki ne, bai taɓa raina ni ba, amma ban taɓa ganin motar nan zuciyata ba ta motsa ba. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne maganar Kuchigoro. Da na bar sashen aka miƙa ta ga wanda bai san matan ba, ta yi ta jan ƙafa. An karɓi yaran daga ƙarshe, amma sun yi asarar shekara guda ta karatu. Ɗaya daga cikin matan ta neme ni har sabon ofishina ta ce, "Hajiya, kin bar mu." Ban ba ta uzuri ba, don gaskiya ta faɗa. A ɗaya gefen kuma ciwon kan ya tafi, na fara barci kamar mutane, na koma cin abinci a zaune. Likita ya yi ta yaba wa maganinsa.

Sai dai abin da na bar kujerar dominsa bai zo da gudu ba. Ina dawowa da la'asar, in yi wanka, in zauna a falo, in bar ƙofa a buɗe kamar mai jiran layi. Ba wanda ya zo. Ku ƙanana kun saba da ni da wuri, Nura har ya fara kawo mini ƙarar 'yan ƙwallo. Amma Walida tana gaishe ni, ta kawo mini ruwa, ta ce bari ta leƙa ƙasa. In na tambaye ta ya makaranta ta ce lafiya lau. Haka ta zana jarrabawarta, ta ci, muka kai ta tashar Jabi ta hau motar Zariya. A tashar ta durƙusa ta gaishe ni, na sa mata albarka. Sannan ta faɗa jikin Mama Rifkatu suka yi ta kuka, direba yana ta danna hon. Na tsaya riƙe da ledar ruwan da na saya mata, ina kallon masu lodi.

Tana shekara ta biyu a jami'a, wata ranar Lahadi bayan azahar, wayata ta yi ƙara. Ba lokacin da ta saba kira ba ne. Daga sallamarta na ji muryar ba daidai ba. Sun yi aikin rukuni ne, ita ta yi kusan komai, wata ƙawarta ta je ta gabatar a gaban malami ta nuna kamar nata ne, har ta ce Walida ba ta zuwa. Tana faɗa tana haɗiye kuka. Tambayoyi suka yi layi a bakina. Ita ƙawar me ta ce da kika tunkare ta? Akwai wanda ya shaida? Ko dai ba haka take nufi ba? Na ji su ɗaya bayan ɗaya, na danne har sai da na kama hannun kujera. Sannan na ce:

"Amma yarinyar nan ba ta da mutunci. Wallahi ba ta kyauta miki ba. 'Yar gidan uban waye ita?"

Sai na ji dariya haɗe da kuka.

"Umma, ke ce kuwa?"

"Ni ce. Ci gaba, ina jin ki. Me kuma ta yi?"

Muka yi ta magana har wayar ta yi zafi a kunnena. Na zagi yarinyar da ban taɓa gani ba, ban ji ta bakinta ba, kuma har yau ban san ko tana da abin cewa ba. A duk rayuwata ban taɓa yanke hukunci irin wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin wani hukunci kamarsa ba.

Ina ajiye wayar na yafa mayafi na sauka bene, har ina tsallake matakala. Mama Rifkatu ta dawo daga coci tana gaban murhu. Na zauna a kan kujerarta, na gyara murya yadda ba za a ga zumuɗina ba.

"Yanzu muka gama waya da yarinyar nan. Wai wata ƙawarta ce ta ci amanarta a kan aikin makaranta. Ta daɗe tana gaya mini."

"Ai ho, maganan wannan Zulai ɗin?" Ta ci gaba da juya tukunya. "Ya kira ni da safe kafin na tafi coci. Na ce masa ya kira ki."

Ta zuba gwate, faten mutanensu, a kwano ta ajiye a gabana, ta miƙo mini cokali. Na dube ta, ita ko a jikinta. Na yi bisimilla na ci, har na nemi ƙari, don gwaten ya yi daɗi. Amma ku sani, yau Mama Rifkatu ta koma garinsu, duk mun yi furfura, muna waya kowane mako kamar 'yan uwa, kuma har yanzu in na tuna cewa da safe aka kira ta, ni sai bayan azahar, sai na ji abin ya tsaya mini a rai.